An Ce Mu Sayi Tabulet, Wai Kowane Yaro Zai Yi Karatu Daidai Ƙarfinsa

Maman Khalifa: Assalamu alaikum iyaye da malamai na wannan zaure. Don Allah shawara nake nema. Jiya aka kira mu taron iyaye a makarantar su Khalifa, ta kuɗi ce, nan Kaduna wajen Badarawa, ba sai na kama suna ba. Mai makarantar ya ce daga zango mai zuwa duk ɗan aji 4 zuwa 6 sai an saya masa tabulet, N85,000, ban da kuɗin manhajar da ke ciki wanda za a riƙa biya duk zango. Wai manhajar tana gane inda yaro ya tsaya, sai ta ba shi darasi daidai ƙarfinsa, mai sauri ya wuce, mai nawa ta bi shi a hankali. Maganar ta yi daɗi a baki, amma 'ya'yana biyu ne a azuzuwan nan. Akwai wanda ya san gaskiyar abin?

Baban Ummi: Wa alaikumus salam. Hajiya, riƙe kuɗinki. Bara waccan rigar wasanni ce, bara littafin da ba a samunsa ko'ina sai ofishinsu, bana kuma tabulet. Kasuwa ce kawai.

Injiniya: Baban Ummi, kasuwa kam akwai ta, ban musa ba. Amma abin da aka faɗa wa Hajiya ba tatsuniya ba ce, akwai manhajoji masu yin haka da gaske. Bari in ba da misali. A ba yaro 52 a ce ya cire 38, sai ya rubuta 26. Malamin da ke gaban yara tamanin zai ja masa jan biro ya wuce. To 26 ɗin nan ba canki-canki ba ne. Yaron ya duba 2 da 8, ya ga ba a cire 8 daga 2, sai ya juya ya cire 2 daga 8 ya samu 6, sannan ya cire 3 daga 5 ya samu 2. Wato bai san aro ba. Manhaja ta ƙwarai an riga an koya mata irin waɗannan kurakuran, da ta ga 26 ta san ciwon. Ba za ta ba shi tambaya ta gaba ba, za ta mayar da shi baya zuwa goma-goma da ɗai-ɗai har sai ya gane, ko da kuwa darasin aji 2 ne shi kuma yana aji 5. Na kusa da shi da ya rubuta 14 ya riga ya yi gaba. Benci ɗaya, darasi biyu.

Baban Ummi: To ai malami ma zai iya wannan.

Malama Uwar Biyu: Zai iya, in kun ba shi yara 35 kamar yadda tsarin ilimi na ƙasa ya rubuta a takarda. Ni aji 4 nake riƙe da shi a makarantar gwamnati can ɓangaren Rigasa. Rajistata ta haura ɗari. Ranar da kowa ya zo, wasu a bakin taga suke leƙe. A cikinsu akwai mai karanta labari tiryan-tiryan, akwai mai haɗa baƙi da ƙyar, akwai wanda har yau in ka nuna masa "b" zai ce "d". Su duka darasi ɗaya nake rubuta musu a allo, domin abin da aka tsara wa makon ke nan, kuma masu zuwa duba aiki abin da suke buɗewa ke nan: kin kai mako na bakwai ko ba ki kai ba? Ba wanda ya taɓa tambayata yara nawa suka biyo ni zuwa mako na bakwan. Wallahi wani lokaci ina koyarwa ina sane da cewa da mutum goma sha biyar na gaba nake magana.

Baba Hedimasta: 'Yata, Allah ya saka miki. Abin da kika faɗa shi ne maganar, sauran duk ƙura ce. Shekara 35 na yi ina wannan aiki kafin in ajiye. Tun da aka ce ba a maimaita aji yadda ake yi a da, muke tura yaro gaba da shekarunsa, karatunsa kuma yana can baya inda ya faɗi. Kun tuna 2016 da aka fara ciyar da yara a firamare, makarantu suka cika suka batse. A 2017 kuma gwamnatin El-Rufai ta yi wa malamai kusan 33,000 jarrabawar aji 4, aka ce 21,780 ba su kai kashi 75 cikin 100 ba, aka sallame su aka ɗebo sababbi. Kowa da ra'ayinsa a kan wannan, ni ma ina da nawa. Amma ko tsohon malami ko sabo, ba wanda aka ba izinin ya ajiye darasin mako ya koma inda yaro yake.

Alaramma: Salamu alaikum. Na daɗe ina karanta ku ban sa baki ba, amma yau kun shigo gonata. Injiniya, abin da ka bayyana da na'ura, ni kullum da asuba shi nake yi, kuma haka na tarar da mahaifina yana yi. A makarantar allo ba a taɓa cewa yau duk kolo zai karanta sura kaza ba. Kowa da allonsa. Wannan yana babbaƙu, wancan ya shiga farfaru, wani yana Sabbi, wani ya kusa sauka, duk a zaure ɗaya, murya tana tashi lokaci ɗaya. Yaro ba ya wanke allo sai ya zo gabana ya biya na ji da kunnena. In ya yi gyara sau biyu sau uku, na ce koma, ko da abokinsa da suka fara rana ɗaya ya wuce shi da izu guda. Ba abin kunya ba ne, ba kuma a ce ya faɗi. Mai kaifin kai a rubuta masa da yawa, mai nauyin kai a rubuta masa aya biyu. Yanzu an ɗauko wannan an sa shi cikin gilashi an ce mu biya dubu tamanin da biyar. Har siffar ma ba su canza ba, allo ne dai yaro yake rungume da shi.

Baban Ummi: Allahu Akbar! Allah gafarta Malam, ka gama magana.

Dokta: Allah ya ƙara wa Alaramma lafiya, bai gama ba tukuna, don ina da ja kaɗan. Wani masanin ilimi Ba'amurke, Benjamin Bloom, ya rubuta a 1984 cewa yaron da aka koyar shi kaɗai, ba a barinsa ya wuce mataki sai ya ƙware a kai, yana yi wa yawancin 'yan aji na gama-gari fintinkau. Tambayar da ya bari ita ce yadda za a samar da haka ga kowa ba tare da an ɗauki malami ɗaya don yaro ɗaya ba. Tsangaya ta amsa wani ɓangare tun kafin a haife shi, wannan gaskiya ne. Sai dai hanyar allo miƙaƙƙiya ce, daga Fatiha da Nasi har Baƙara, kowa ita zai bi, bambancin sauri ne kawai. Lissafi kuwa yana da rassa. Yara biyar za su faɗi tambaya ɗaya saboda dalilai biyar daban. Wani yana ganin 0.25 ya fi 0.5 girma don ya fi tsawo a ido. Wani ya iya lissafin sarai, Turancin tambayar ne ya kayar da shi. A nan ne na'ura take da ƙarfi, ba ta gajiya da bin diddigin kowane kuskure.

Alaramma: Na karɓi gyara, Dokta. Amma kada ki manta ni ma ba ni kaɗai nake yi ba. Ina da gardawa. Su ke rubuta wa ƙanana, su ke jin biyawar farko kafin a iso gare ni.

Malama Uwar Biyu: To kun ji. Ni ba ni da gardi ko ɗaya.

Injiniya: Malama, wannan magana taki ita ce fassarar tabulet ɗin da ta fi kowace daidai. Gardi ne, ba alaramma ba. In aka sayar muku da shi a matsayin alaramma an cuce ku.

Maman Khalifa: Ina biye da ku. Amma Dokta, an taɓa gwada shi a wani wuri aka ga amfaninsa, ko dai duk a baki ne?

Dokta: An gwada, kuma sakamakon gauraye ne, shi ya sa nake son a bambance abu biyu. Raba na'ura daban, manhaja mai bin matakin yaro daban. Peru ta raba wa yaran firamare ƙananan kwamfutoci dubu ɗaruruwa a shirin nan na kwamfuta ɗaya ga kowane yaro. Da aka bincika, rahoton 2012 ya nuna ba a ga ƙari a lissafi ko harshe ba. Mu ma nan an taɓa gwada irin kwamfutocin a wata firamare a Galadima, Abuja, wajen 2007. Jihar Osun ta raba tabulet mai suna Opon Imo ga 'yan babbar sakandare a 2013, littattafai da tsofaffin tambayoyin jarrabawa ne a ciki. Duk wannan raba na'ura ne.

Ɗaya ɓangaren kuma, a birnin Delhi na Indiya an gwada wata manhaja mai suna Mindspark tsakanin 2015 da 2016. Ƙuri'a aka yi tsakanin yara sama da 600, rabi suka samu gurbi a cibiyar bayan tashi daga makaranta, rabi ba su samu ba. Minti 45 a gaban kwamfuta, minti 45 tare da malami, kwana shida a mako. Abin da manhajar ta fara tonawa shi ne ɗan aji 6 a can, a tsaka-tsaki, yana baya da wajen aji biyu da rabi a lissafi. Cikin wata huɗu da rabi waɗanda suka shiga sun ci gaba sama da ninki biyu na waɗanda ba su shiga ba a lissafi. Amma ga inda gizo ke saƙar, Hajiya: a jarrabawar lissafi ta makarantarsu ba a ga wani bambancin a zo a gani ba. Dalili, yaron ya tashi daga matakin aji 3 ya hau na aji 4, jarrabawar kuma ta aji 7 ce. Ya ƙaru da gaske, amma katin sakamako bai gani ba.

Baba Hedimasta: To nan ne za a yi rigima da iyaye. Uba ya biya kuɗi, ya duba ya ga ɗansa ɗan aji 5 yana aikin aji 2, gobe da sassafe yana ofishin hedimasta. Mu iyayen nan na ɗaya da na biyu muke so mu ji. Na sha ganin uwa ta yi walima don ɗanta ya zo na uku, yaron kuwa bai iya karanta katin da hannunsa ba.

Maman Khalifa: Baba, kamar da ni kake. Khalifa na bakwai ya zo, har kaza na yanka.

Mai Gyaran Waya: Ni ban san Bloom ba, amma na san abin da ake kawo mini shago. Tabulet mai araha a hannun ɗan shekara tara, abu uku ke kashe shi: bakin caji, gilashi, batir. Ƙurar hunturu ta toshe bakin, yaro ya tura caja da ƙarfi ya karya. Zafin Maris da Afrilu batir ya kumbura har ya ɗaga murfi. Wasu kuma ko a kasuwar Gumi ba ka samun gilashinsu, sai an aika Legas. Hajiya ki tambaye su in ya lalace wa zai gyara, kuma yaron me zai yi a aji sati biyun da ake jiran kaya. Sannan a gida za a yi caji ko a makaranta? Don unguwarmu sai mu kwana biyu ba mu ga ƙyallin wuta ba.

Baban Ummi: Ga kuma TikTok. Ka ba yaron yanzu waya ka juya baya.

Injiniya: Wannan ana iya kullewa, ya zama ba abin da ke buɗewa sai manhajar karatu. Da yawa ma ba sa buƙatar data kullum, a sauke darussa sau ɗaya a yi aiki ba sabis. Abin da ya fi damuna daban ne: don me sai kowane uba ya sayi nasa? A Malawi, ƙasar da ba ta kai mu arziki ba, gwamnati ta fara sa tabulet mai manhajar onebillion a ɗaruruwan firamare a 2023, da sola ake caji, kuma na makaranta ne. Rukuni ya zauna wajen rabin awa ya tashi, wani ya zauna. Guda arba'in za su ishi azuzuwa da yawa a yini. Ba a ce yaro ya wuni a kansa ba. Kuma da Cicewa manhajar take musu magana, harshen da suke ji a gida.

Malama Uwar Biyu: Yauwa, harshe. Yarana rabinsu in murya ta fito daga na'ura tana Turancin Amurka, dariya za su yi su danna duk abin da ya fi kyan launi. Sai manhajar ta rubuta cewa ba su iya lissafi ba, alhali yarinyar da ke tallan awara tana ba da canjin dubu ba ta taɓa kuskure.

Dokta: Haka ne. Akwai Nigeria Learning Passport da Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya da UNICEF suka buɗe a 2022, kyauta ne, kuma akwai darussa da Hausa a ciki. Amma ya fi kama da ɗakin karatu, kai za ka zaɓi abin da za ka buɗe. Sai kuma abin da kowa ke yayatawa yanzu, ƙirƙirarriyar basira. A Benin ta jihar Edo an yi gwaji a tsakiyar 2024 tare da Bankin Duniya, 'yan SS1 suna zama bibbiyu bayan tashi suna koyon Turanci da taimakon manhajar Copilot, malami yana zagayawa a kansu, mako shida, kuma an ga ci gaba mai kyau. Amma mako shida ne, yara ne manya da suka iya karatu, kuma su suka kawo kansu. Ganin Dala ba shiga birni ba ne.

Malama, ke kam akwai abin da ya fi dacewa da ajinki kuma ba ya cin batir. Wata ƙungiya a Indiya, Pratham, ta fito da shi, ana ce masa koyarwa daidai matakin yaro, an kuma gwada shi a Borno, da Wudil da Dawakin Tofa a Kano. Ana kiran yaro shi kaɗai, minti kaɗan, a ga baƙi yake ganewa, ko kalma, ko sakin layi, ko labari. Sai a ware awa ɗaya ko biyu a rana a rushe aji 4 da 5 da 6, a zaunar da su bisa inda suka tsaya. Bayan 'yan makonni a sake gwadawa, wanda ya haye ya koma rukuni na gaba.

Alaramma: Wato a biya, a wanke allo.

Dokta: Allah gafarta Malam, na sallama.

Malama Uwar Biyu: Na ji labarinsa a wajen wata bita. Matsalar awa biyun ce. Tun da aka mayar da makarantun gwamnatin jihar nan kwana huɗu a mako a 2022 muke tseren gama darussan zango. In na ɗauki awa biyu ba da sa hannun na sama ba, ni za a rubuta wa takarda. Amma zan gwada da minti talatin na farkon safiya, in Baba zai zo ya taya ni gwajin farko.

Baba Hedimasta: Ranar Talata in Allah ya kai mu. Ki tanadi kujera, gwiwa ta ƙi.

Baban Ummi: Duk kun bar Hajiya da tambayarta. Ta saya ko kar ta saya?

Injiniya: Kada ta saya, kada ta ƙi, sai ta taɓa da hannunta. Hajiya, ki je ki ce a ba ki tabulet ɗin a matsayin ɗalibar aji 5. Ki faɗi tambaya biyar a jere da gangan. In tambayoyin suka fara sauƙi, ko aka koma da ke wani darasi na baya, to mai bin mataki ce. In ta ce ki sake gwadawa ta maimaita miki abu ɗaya, littafi ne aka sa wa gilashi. Sannan ki ce malamar aji ta nuna miki abin da ita take gani a nata ɓangaren, da abin da ta yi da shi makon jiya. In ta fara kame-kame, kin samu amsa. Ki kuma tambayi inda sunan yaro da hotonsa da makinsa suke tafiya, don dokar kare bayanai ta 2023 ta ce sai da yardar iyaye kafin a tattara na yara.

Maman Khalifa: Salam jama'a, na dawo da rahoto. Na je yau da safe, ni da wata maƙwabciyata. Da farko mai makarantar ya ce sai wakilin kamfani ya zo, muka ce za mu jira, sai ga tabulet ya fito daga durowa. Na faɗi biyar kamar yadda Injiniya ya ce. Kowace sai wani ɗan tsuntsu ya fito ya girgiza kai, a sake ba ni ita. A karo na uku ya nuna mini amsa ya wuce bidiyo na gaba. Maƙwabciyata ta ci duka biyar, ita ma bidiyon nan dai aka kai ta. Malamar kuwa baiwar Allah ta ce su ma ba a nuna musu komai ba tukuna.

Abu Hanifa: Don adalci dai, ba duka ba ne haka. Ta makarantar 'yata a Malali na gwada jiya da dare bayan na karanta ku, da na faɗi uku sai ta koma da ni zanen ƙwallaye ana ƙirgawa. Kuma su a makaranta ake ajiyewa, sau uku a mako suke shiga.

Injiniya: To ka ga irin wadda ake nufi. Turo mini sunanta ta gefe in duba.

Maman Khalifa: Ban gama ba. Da na dawo gida na kira Khalifa na rubuta masa 52 a cire 38. Ko minti ɗaya bai yi ba ya miƙo mini takarda yana murmushi. 26. Wallahi sai da na zauna.

Malama Uwar Biyu: Kar ki yi masa faɗa, Yaya, kar ma ki ce ya faɗi. Samo ashana da ƙananan robobin ɗaure kuɗi. Ku ɗaure goma-goma, ƙulli biyar da tsinke biyu a gefe. Ki ce ya ba ki 38. Zai miƙo ƙulli uku, ya zo kan takwas ya ga biyu gare shi, ya tsaya yana kallonki. Ki yi shiru, kada ki taimake shi. Da kansa zai kwance ƙulli ɗaya. Ranar da ya kwance, sai ki koma da shi kan takarda. Ki gwada ƙanwar ma, kada ki ɗauka ita ta tsira.

Maman Khalifa: Kwali nawa zan saya?

Baban Ummi: Biyu sun isa. Ki aiko Khalifan shagona a Kasuwar Barci ya karɓa, N500 zan ba shi in ce ya cire kuɗin ashana ya kawo mini canji.